Faci a Bakin Tafkin Kuza

Davou ya kawo jirginsa na roba
a naɗe kamar tabarma,
ya sauke shi a gaban rumfata a Rayfield,
ya ce, "Asabar ina da baƙi,
yi mini da sauri."
Na ce, ni ina da sauri,
gam ne ba shi da shi.

Muka ba jirgin iska har ya yi ƙirji.
Na kaɗa ruwan omo a gwangwanin madara,
na bi cikinsa da soso, taƙi bayan taƙi.
Inda ƙaya ta karce shi, shiru.
Inda dutse ya goge masa fenti, shiru.
Sai can ƙarƙashin mazauni,
wurin da ido ba ya zuwa,
kumfa ta taso, ta fashe, ta sake tasowa.
Huda ce da ba ta kai ƙwayar acca ba.
Davou ya yi dariya: "Wannan?"
Na kewaye ta da biro. Wannan.

Babana Tanimu, mai facin taya a Bukuru,
shi ya koya mini tun ina riƙe masa almakashi:
a bar wurin ya bushe ƙayau,
a goge da samfefa har sheƙin ya mutu,
don gam ba ya kama abin da ke ƙyalli.
A yanka facin da'ira,
kusurwa ce ke fara ɗagowa.
Shafa kaɗan a nan, kaɗan a can,
siriri kamar man da ya rage a murfin kwalba,
sannan a janye hannu.

Nan ne wuyar aikin, janye hannu.
Ga gam a jiki, ga faci a gefe,
kowanne yana kallon sama,
kai kuwa yatsunka na ƙaiƙayi.
Sanyin Jos yana sa shi nawa.
Sagir, ɗan autana, ya duƙa zai hura masa baki,
na ce a'a, numfashi ma ruwa ne.
Sai na taɓa da bayan yatsa:
ya kama, ya saki, bai biyo ni ba.
Yanzu.

Na ɗora, na murza da bayan cokali
daga tsakiya zuwa gefe,
ina korar iskar da ta ɓuya.
Na aza masa tsohon batirin mota.
Na ce, jibi.

Davou ya dubi agogo, ya dubi tafkin.
Ban faɗa masa komai ba.
Ya san ruwan nan kamar yadda na san shi:
rami ne da kakanninmu suka haƙa da kwano a ka,
aka kwashe kuzar, aka bar mana zurfin.
Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ya taka ƙasansa.
Shekara tara ke nan da na yi wa wani faci
da hantsi, ya shiga ruwa da la'asar.
Su uku ne. Sun fito, da iyo da ihu,
takalmin yarinyar ɗaya yana can har yau.
Tun ranar nake ƙirga dare biyu.

Bayan ya tafi na koma kan tantin
da masu hawan duwatsun Shere suka bari,
ɗinkinsa yana yoyo ta kafaɗa,
da wata katifar iska, da takalmin ruwa mai dariya.
Warin gam ya cika rumfar,
na ɗage buhun da ke tare ƙofa.

Ranar Asabar na tsaya a kan tudu.
Jirgin yana tsakiyar ruwa,
mutum biyar a ciki, wata tana ɗaukar hoto.
Ba wanda ya san a kan me yake zaune.
Na ɓare busasshen gam daga babban yatsana,
ya fito da zanen fatata a jikinsa.